Farin Wata Sha Kallo

Kwanakin baya muna cikin aji a wata makaranta kusa da Unguwar Gano, sai muka tambayi yara, "Yau nawa ga wata?" Nan da nan suka ba mu kwanan watan Turawa. Muka ce a'a, na sama mu ke nufi. Aji ya yi tsit, sai can wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce goma sha uku, kakarta ce ta gaya mata da safe. Abin nan ya tsaya mana a rai, shi ya sa muka ga ya kamata mu waiwaya mu duba irin zaman da kakanninmu suka yi da farin wata, don masu karatu su auna abin da ke neman kuɓuce mana.

Da fari dai wata shi ne littafin lissafinsu. Tun zamanin Sayyidina Umar, wajen shekara ta 638, Musulmi suka tsai da ƙidayar Hijira bisa tafiyar wata. Kowane wata kwana 29 ne ko 30, shekara kuwa kwana 354, watau ta gaza shekarar rana da misalin kwana 11. Shi ya sa azumi kan zagayo, wani lokaci cikin ɗari, wani lokaci cikin bazara. Da lissafin nan ya iso ƙasar Hausa sai mutane suka laƙaba wa watanni sunaye na gida: watan Cika-ciki, da watan Takutaha da Kanawa kan hau Dala, da watan Azumin Tsofaffi, da Ƙaramar Salla, da Babbar Salla. Malamai kuma suka riƙe manzilolin wata guda 28, suka raba shekarar rana bisa taurarinsu, kowane tauraro kwana 13 in ban da ɗaya mai 14, manomi ya san lokacin shuka da na girbi. A cikin masanan irin wannan ilmi akwai Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya yi rubutu kan hisabi da taurari, ya rasu a Alƙahira cikin 1741.

To, wannan aikin ido ne. Akwai kuma aikin zuci. Sa'ad da Gyadi-Gyadi da Tarauni su ke ƙauyuka a bayan ganuwa, gonaki na kewaye da su, babu fitila sai ta aci-bal-bal, daren farin wata shi ne daren yara. 'Yan mata su fita dandali su yi gaɗa, samari su yi langa, ƙanana su kewaye tsohuwa ta ce ga ta nan ga ta nanku. Ba a yin tatsuniya da rana, gama Gizo da Ƙoƙi da Dodo ba su jure hasken tsaka. Hasken wata kuwa yana nuna rabin abu ya ɓoye rabi, sai zuciyar yaro ta cike sauran, kututture ya zama kura, inuwar kuka ta zama ƙato. Yawancin labarun da Frank Edgar ya tara ya buga tsakanin 1911 da 1913 irin waɗanda a kan faɗa ne a wannan zama. Ko tashe ma sai azumi ya kwana goma a ke fara shi, daidai lokacin da wata ya yi hasken da za a bi gida gida.

Daga nan ne mawaƙa suka sami abin kwatance. Kyakkyawa a kan yi masa kirari da farin wata sha kallo. Tauraruwar nan mai haske da a kan gani kusa da shi aka ce da ita Zara matar wata, kamar dai sama ma gida ce mai miji da mata. Masu begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tun daga Busiri mai Alburda har zuwa namu na ajami, sun sha kwatanta shi da watan daren goma sha huɗu. Dalili kuwa a fili ya ke: rana ba ta kalluwa, amma wata kowa na iya zuba masa ido har ya ƙoshi, ga shi kuma yana haska matafiyi ba ya ƙona shi.

Inda zuci ya fi yin aiki shi ne ranar da wata ya yi zazzaɓi. Cikin daren 2 ga Satumba 1830, Richard Lander da ƙanensa John suna Bussa a bakin Kwara aka yi husufi. Suka rubuta yadda gari ya ruɗe da ganguna da ƙaho da kururuwa, don mutane sun ce rana ce ta kama wata. Mu ma nan Kano iyayenmu sun ba mu labarin yadda yara kan zaga unguwa suna kaɗa gwangwani suna roƙon rana ta sake shi, malamai kuwa suna salla da addu'a. Alhali tun kafin 1040 Ibnul Haisam ya rubuta a Masar cewa hasken wata aro ne daga rana, har ya yi bincike kan tabon da ke fuskarsa. Cikin 1609 Galileo ya duba shi da madubin hangen nesa a Italiya, ya ga duwatsu da ramuka. Cikin Yuli 1969 mutanen Amurka biyu suka taka shi, bayan tafiyar misalin kilomita 384,000. Yanzu ɗan firamare ma a kan koya masa cewa inuwar duniya ce ke faɗa wa wata. Duk da haka ran 27 ga Yuli 2018, da ya yi ja wur har awa 1 da minti 43, manya da yara sun fito ƙofar gida, kowa ya yi shiru.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa a koma kaɗa gwangwani. Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne mutanen da sun san inda ido ya ke tsayawa, da inda zuci ya ke farawa. Dubi sha'anin ganin watan azumi. Jinjirin wata siriri ne kamar zare, ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana, mai ɗoki kuwa yana iya ganin gefen gajimare ya rantse wata ne. Don haka shari'a a mazhabar Maliku ta nemi adilai biyu ko jama'a mai yawa, in ba a gani ba a cika talatin, har wa yau kuwa sai an tantance shaida kafin Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato. A dandali an sakar wa zuci linzami, a gaban alƙali an ɗaure shi. Wanda ya rasa na fari ba ya iya ƙaga kome, wanda ya rasa na biyu kuwa kowace jita-jita sai ta tafi da shi.

Yau fitilun hanyar Zariya da hasken wayar hannu sun rufe wa 'ya'yanmu sama. Muna roƙon iyaye da 'yan'uwanmu malamai, in watan nan ya kwana 29, a fita da yara bayan magariba a fuskanci yamma, a bar su su nema da idonsu. Ran goma sha huɗu kuma a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a kira kaka ta yi musu tatsuniya tun tana da rai. Mu dai mun sa 'yan ajinmu su riƙa zana siffar wata kowane dare cikin littafinsu har ya ɓace. Allah ya sa mu dace, amin.