Katsina: Kasuwa, Alƙalami da Ganuwa

Ɗalibin koleji a Urafane zai iya ba da labarin Atina ta ƙasar Girka: yadda ta karya jiragen Farisa a Salamis a shekara ta 480 kafin Miladiyya, ta tara dukiya, ta haifi masana. Amma da wuya ya san cewa ƙasar Tasawa da yake takawa ta taɓa zama lardin wani birni mai irin wannan ƙasaita, wato Katsina.

Girman Katsina ya zauna ne bisa duwatsun murhu uku. Na farko kasuwa. Bayan da Maroko ta rusa daular Songhai a 1591, ayarin Sahara ya ƙara karkatowa ta Agadas zuwa Katsina, ana kawo gishiri da takarda da dawaki, ana komawa da fatu da tufafi. Har da bayi, domin kamar Atina, wani ɓangare na wannan arziki da gumin bawa aka tara shi.

Na biyu alƙalami. Hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, shaida ce. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. A 1732 kuwa, Muhammad al-Kashinawi ya rubuta littafi kan lissafin hatimi, kuma a Alƙahira ya rasu a 1741.

Na uku ganuwa da barade, waɗanda suka yi ta gwabzawa da Kano da Gobir. Bajamushe Barth, da ya zo a 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar ya haura kilomita 20.

Sai dai ya tarar da birnin ya kusa zama kufai: mazauna ba su wuce 8,000 ba. Tun 1807 Umarun Dallaji ya ci Katsina a jihadi, ciniki ya koma Kano, zuriyar Korau kuma ta yo arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maradi wajen 1819.

Ke nan rabin wannan tarihi yana wajenmu, a fadar Maradi da ta Tasawa, a bakin maroƙa da dattawa. Atina ta faɗa hannun Isparta a 404 kafin Miladiyya, amma sunanta bai ɓace ba, saboda ƴaƴanta sun rubuta. Ya rage ga malamai da ƙungiyoyin al'adu su ɗauki alƙalami da rakoda tun masu sani suna raye.