Promise: Faifan Sade, 'Yar Ibadan, Da Ya Hau Lamba Ɗaya A Ingila Da Amurka

A shafinmu na waiwaye na wannan makon na ɗauko faifan Promise na Sade, wanda ya fito a watan Nuwamban 1985. Dalilina shi ne, da yawa daga cikinmu mun sha jin muryar nan a rediyo ko a shagon masu kaset, amma ba kowa ya san a Ibadan aka haifi mai muryar ba.

Wace ce Sade?

Cikakken sunanta Helen Folasade Adu, kuma "Shade" ake furta sunan, kamar yadda maƙwabtanmu Yarabawa ke faɗa. An haife ta ranar 16 ga Janairun 1959. Mahaifinta Adebisi Adu malamin ilimin tattalin arziki ne ɗan Ikere-Ekiti, mahaifiyarta kuma Baturiyar Ingila ce ma'aikaciyar jinya. Tana 'yar shekara huɗu iyayen suka rabu, uwar ta tafi da ita Ingila. Zanen tufafi ta karanta a Landan kafin ta shiga waƙa.

Abin da mutane ke yawan mantawa shi ne, Sade sunan ƙungiyar ne gaba ɗaya. Su huɗu ne: ita, da Stuart Matthewman mai busa saksofon da kaɗa jita, da Andrew Hale mai fiyano, da Paul Denman mai jitar bes.

Yadda faifan ya zo

Faifansu na farko, Diamond Life na 1984, ya yi kasuwa sosai, har ya ci kyautar Brit ta faifan da ya fi kowanne a Birtaniya a 1985. To, a harkar waƙa faifai na biyu shi ne gwaji, domin a nan ake gane ko sa'a ce ko iyawa. Su dai ba su canza hanya ba. Sun sake aiki da Robin Millar, wanda ya tsara musu na farkon, suka naɗi waƙoƙin a Landan da kudancin Faransa.

Sunan faifan, wato "alkawari", an ruwaito cewa daga wata wasiƙa ya samo asali, wadda mahaifinta ya rubuta mata lokacin da yake fama da ciwon daji.

Promise ya hau lamba ɗaya a jadawalin Birtaniya, abin da na farkon bai yi ba, don shi a lamba biyu ya tsaya. A Amurka ma ya yi mako biyu a saman jadawalin Billboard a watan Fabrairun 1986, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 4 a can. A shekarar ce ƙungiyar ta ci kyautar Grammy ta sababbin mawaƙa. Masu kaset ma sun fi masu faifan garmaho riba, domin waƙa 11 ke cikin kaset, faifan kuwa 9.

Me ke cikinsa?

Ni a ganina, ƙarfin faifan nan yana cikin rashin hayaniyarsa. Shekarun 1980 lokaci ne na gangar inji da ɗaga murya, kowa so yake a ji shi daga nesa. Sade kuwa da murya ƙasa-ƙasa take waƙa, kamar mai ba ka labari da dare, makaɗan kuma suna bar mata fili.

"The Sweetest Taboo" ce ta fi fice, ta kai lamba 5 a Amurka. Amma wanda ya tsaya a kanta kaɗai ya yi asara. "Is It a Crime?", wadda ta buɗe faifan, ta haura minti shida, tana farawa da busa mai ƙarfi sannan ta lafa. "Tar Baby" kuwa a kan jaririyar da aka haifa tsakanin baƙi da farar fata take, da yadda dangi suka karɓe ta, batun da ba baƙo ba ne ga mawaƙiyar. Duk wanda ya ga auren ƙabila biyu a Sabo ko Agege zai gane inda aka dosa. Sai "Maureen" ta ƙarshe, wadda ta yi don tunawa da ƙawarta ta ƙuruciya da ta rasu, amma kiɗanta na nishaɗi ne, don dariyar da suka sha tare take tunawa.

Bayan nan

Ƙungiyar ba ta taɓa gaggawa ba. Faifai shida kacal suka fitar daga 1984 zuwa 2010, kuma na shidan, Soldier of Love, shi ma ya hau lamba ɗaya a Amurka, shekara 24 bayan Promise. Shawarata ga wanda zai saurara: ka nemi mai waƙa 11 ɗin, ka bi shi daga farko har ƙarshe yadda suka jera shi.