Askar Okam da Gardamar Bakolori

Har yau idan aka tuno Afrilun 1980 a majalisun Talata Mafara, Bakura da Maradun har zuwa Dosara, sai baki ya rabu biyu kan abin da ya tayar da manoman Bakolori. Wasu sun ce 'yan adawa ne suka zuga su don a kunyata gwamnatin Shehu Shagari da ta Gwamna Shehu Kangiwa. Wasu kuma sun ce maganar gona ce da diyya. Masana falsafa suna da tsohuwar ƙa'idar raba irin wannan gardama: in bayani biyu suka ɗauke duk hujjojin da ke ƙasa, a riƙi wanda ba ya buƙatar a ƙago abin da ba a tabbatar ba.

Ana jin ƙamshinta tun a rubutun Aristotle da na Batlamus na Iskandariyya. Sai dai sunan da ya bi ta na William ɗan ƙauyen Okam ne a Ingila, malamin Kirista da aka haifa wajajen 1287, ya rasu a Munich a 1347. Ya yi aiki da ita sosai wajen aske ƙarin halittun da malaman zamaninsa ke ƙirƙira don su cike giɓin hujja, amma lafazin da aka fi jingina masa na John Punch ne a 1639, kuma William Hamilton ne ya yayata sunan askar Okam a 1852. Ra'ayina shi ne Turawa suna kawai suka raɗa mata. Duk almajirin da ya yi nahawu a zaure ya ji malam yana cewa in jimla ta miƙe ba tare da an ƙaddara wata kalma da aka shafe ba, to rashin ƙaddarawa ya fi. Ibn Mada na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1196, kusan shekara casa'in kafin haihuwar William, littafi guda ya rubuta yana sukar masu nahawu kan yawan ƙaddarawa da jera dalili a bayan dalili. A fiƙihu ma asali shi ne kuɓutar mutum, hujja tana wuyan mai da'awa. Mai cewa waɗannan dokokin harshe ne da shari'a, ba na binciken duniya ba, ya faɗi gaskiya ta fuskar fage, amma aikin ɗaya ne: wanda ya ƙaro abin da ba a gani ba, shi zai kawo shaida.

A gwada ta kan Bakolori. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a Kogin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Ruwa ya ci garuruwa, dubban mutane suka tashi. An baje gonaki don shimfiɗa hanyoyin ban ruwa, an sare itatuwan amfani, manoma suka yi damina bayan damina ba su yi shuka ba, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. A ƙasan madatsar, fadamun da suka dogara da ambaliyar kowace shekara suka rage albarka. Manoma suka tare hanyoyin aikin, ran 28 ga Afrilu 1980 'yan sanda suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mamatan ashirin da 'yan kai ne, wasu rahotanni suka ce sun haura 380. Bayanin zuga yana buƙatar a yarda da ɓoyayyen mai shiri, da kuɗin da ba a ga shigarsu ba, da kuma cewa magidancin da rumbunsa ya wofinta ba zai fusata ba sai an raɗa masa a kunne. Bayanin gona da diyya kuwa bai nemi komai ba bayan abin da kowa ya gani da idonsa. Ko da 'yan siyasa sun tsoma baki, ruwa ba ya tsami banza.

Babbar sukar da ake wa wannan ƙa'ida ita ce bayani mai sauƙi yakan yi kuskure, kuma Zamfara ta ɗanɗana hakan. A 2010 yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma. Zato mafi kusa shi ne zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau. Aka ba da magani, mutuwa ba ta tsaya ba, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka sa aka auna jini aka gano gubar dalma daga duwatsun zinariyar da ake daka da niƙa a cikin gidaje. Yara kusan 400 suka salwanta. Wannan bai karya ƙa'idar ba, domin sharaɗinta na farko shi ne bayani ya ɗauke dukkan hujja, shi kuwa zazzaɓi ya kasa bayyana dalilin da ya sa magani bai ci ba.

Wannan sharaɗi muke yawan tsallakewa yau. Kan rashin tsaro, mukan yi saurin ambaton hannun waje da manyan da ba a kama suna, alhali burtalin da aka nome, da shari'ar da aka karkatar, da bindigar da ta yi araha suna gabanmu. Maƙarƙashiya tana yiwuwa, amma mai ambatonta ya kawo shaida. Kafin nan, a fara gyara abin da aka riga aka tabbatar.