Lambun lemo a ƙasashe masu zafi: daga dashe zuwa tsinka

Lemo dangin itatuwa ne da ya haɗa da lemon zaƙi, lemon tsami, tanjarin da babban lemo mai ɗaci-ɗaci da Faransawa ke kira pamplemousse. Asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya ne, sunansa na Hausa kuma ya samo tushe daga kalmar Larabci "laimun". A yau ana nomansa a wurare masu bambancin yanayi: jihar Binuwai a Najeriya, Za-Kpota a kudancin Benin, Gaya a bakin kogin Neja, da Timiya a tsaunukan Ayir na Nijar. A arewacin Kamaru, cibiyar binciken aikin gona ta IRAD tana da lambun adana ire-iren lemo a Kismatari, kusa da Garwa.

Lambun lemo jari ne na shekaru da yawa. Kuskuren da aka yi ranar dashe ba ya bayyana sai bayan shekara huɗu ko biyar, lokacin da kuɗi da wahala sun riga sun tafi. Shi ya sa yawancin nasarar lambu ke rataye a kan abu biyu: wurin da aka zaɓa da irin dashen da aka saya.

Ƙasa da ruwa

Lemo yana son ƙasa mai zurfi, wadda ruwa ke ratsawa ba ya kwanciya. Jigawa mai ɗan laka ta fi dacewa. Fadamar da ruwa ke kwana a cikinta da damina tana ruɓar da saiwa. Itacen kuma ba ya jure gishiri ko kanwa, don haka rijiyar da ruwanta ke da zartsi ba ta dace da ban ruwansa ba.

Lambu yana buƙatar ruwan da ya kai milimita 900 zuwa 1,200 a shekara. A kudancin Benin da Binuwai ruwan sama yana ɗaukar mafi yawan wannan nauyi. A yankin Sahel kuwa, inda rani ke kai wata bakwai ko takwas, ba a kafa lambu sai an tabbatar da rijiya ko kogin da ba ya ƙafewa a watannin Afrilu da Mayu. Ana kuma dasa shingen itatuwa ta gefen da iskar hunturu ke fitowa, domin busasshiyar iska tana kakkaɓe fure.

Dashe mai aure

Lemon da aka shuka daga ƙwallo yakan yi shekara shida zuwa takwas kafin ya haihu, yana da ƙaya da yawa. Dashe mai aure, wato wanda aka ɗora idon iri mai kyau a kan gindin wani lemo mai juriya, yana fara 'ya'ya a shekara ta uku ko ta huɗu.

Gindin da aka yi auren a kansa shi ne ke yanke ƙarfin itacen. Gindin lemo mai ɗaci, wanda ake kira bigaradier, yana jure ruɓar gindi, amma cutar tristeza tana kashe lemon zaƙin da aka aura a kansa. Gindin Volkameriana yana jure wannan cuta, yana girma da sauri, yana kuma haƙuri da fari. Gindin tanjarin Cleopatra ya fi sauran haƙuri da gishiri, sai dai yana jinkirin haihuwa. Mai saye yana da haƙƙin ya tambayi mai renon dashe sunan gindi da sunan irin da ke sama. Sayen dashen da ba a san asalinsa ba, musamman wanda aka tsallako da shi iyaka ba tare da bincike ba, ita ce hanya mafi sauƙi ta shigo da cuta cikin lambu.

Yadda ake dasawa

Ana haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60 zuwa 80, a cika shi da ƙasar sama haɗe da taki ruɓaɓɓe, makonni kaɗan kafin dashe. Tazarar mita 7 tsakanin itatuwa tana ba da kusan itace 204 a hekta ɗaya, tazarar mita 6 kuma kusan 277. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna.

Wurin auren dole ya kasance sama da ƙasa da kamar taƙi guda. Idan aka binne shi, ruɓar gindi za ta kama irin da ke sama, amfanin auren ya tafi. Duk tohon da ya fito a ƙasan wurin auren ana cire shi nan take, in ba haka ba gindin zai rinjayi irin da aka aura.

Kulawa

Wajen ban ruwa ana yin kewaye biyu: ƙaramin tudu a jikin gindi wanda ke hana ruwa taɓa kututture, da babban kwari a wajensa inda ake zuba ruwan. Ana faɗaɗa kwarin yayin da itacen ke girma, domin saiwoyin da ke shan ruwa suna ƙarƙashin bakin inuwarsa. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa yana rage ƙafewar ruwa, amma ana nisanta ta da kututture saboda gara.

Taki ana raba shi kashi biyu ko uku a shekara, ba a zuba shi gaba ɗaya. A shekarun farko ana iya shuka wake ko gyaɗa tsakanin layuka, su ƙara wa ƙasa ƙarfi su kuma kawo kuɗin shiga. Sassabe ba ya buƙatar yawa: a cire busassun rassa da waɗanda ke taɓa ƙasa. A inda ake ban ruwa, ɗan janye ruwa na 'yan makonni sannan a dawo da shi yana sa itacen ya yi fure lokaci guda.

Cututtuka da ƙwari

Ruɓar gindi ana gane ta da ƙaro da ke tsattsafowa daga ɓawo. Ana kankare wurin har zuwa lafiyayyen itace, a shafa maganin da ke ɗauke da sinadarin tagulla. Tristeza ba ta da magani, ƙananan ƙwari masu tsotsar toho ne ke yaɗa ta, kariyarta kuwa ita ce gindi mai juriya.

Ƙudan 'ya'yan itace mai suna Bactrocera dorsalis, wanda aka fara gani a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, yana huda lemo da mangwaro ya zuba ƙwai a ciki. Tsince 'ya'yan da suka faɗo, a binne su da zurfi ko a ƙulle su cikin baƙar leda a rana, yana katse haihuwarsa. Wannan aiki ya fi tasiri idan maƙwabtan lambuna sun yi shi tare.

Tsinka

Lemo ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, saɓanin mangwaro da ayaba. Launi kuma ba shi ne ma'aunin nuna ba. Sanyin dare ne ke mayar da ɓawo ruwan ɗorawa, shi ya sa lemon Timiya ke fitowa da launi, na ƙasashe masu ɗumi kuma ke zama kore ko da ya nuna sarai. Ɗanɗano shi ne shaida. Ana yanke lemo da almakashi bayan raɓa ta bushe, ba a girgiza itace, domin wanda ya bugi ƙasa shi ke fara ruɓewa a cikin buhu kafin mota ta isa kasuwa.