Bikin Jiragen Sama na Sunderland: Kallon Kyauta da Ya Zo Ya Wuce

Da yawa daga cikinmu a ƙwallon ƙafa muka san sunan Sunderland. Gari ne a bakin teku, arewa maso gabashin Ingila, inda kogin Wear ya faɗa Tekun Arewa. Shekaru aru-aru sana'ar mutanensa ƙera jiragen ruwa ce da haƙar kwal, har aka rufe masana'antar jiragen ruwa ta ƙarshe a 1988, dubban magidanta suka rasa abin yi.

A daidai wannan lokaci na ƙunci, ƙarshen shekarun 1980, hukumar garin ta soma bikin jiragen sama a gaɓar Roker da Seaburn. Da yini ɗaya aka fara, daga baya ya koma kwana uku a watan Yuli. Ba ƙofa, ba tikiti. Kowa ya ɗauko iyalinsa ya zauna kan rairayi, jirage na shawagi a kan teku, nesa da rufin gidaje. Akwai Red Arrows na rundunar sojan saman Birtaniya, masu tafiya a jere suna feso hayaƙi ja da fari da shuɗi, ga kuma tsofaffin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu irin su Spitfire. Jama'a kan taru dubu ɗaruruwa, har aka riƙa lissafa shi cikin manyan bukukuwan jiragen sama na kyauta a Turai.

To, mu 'yan kasuwa mun san abin da taro ke nufi. Mai kallo bai biya ko sisi ba, amma mai soya kifi da dankali, da mai masauki, da direban tasi, a kwana ukun nan suke samun cinikin da ba su gani a sauran ranaku. Kuɗin shiryawa kuwa yawancinsa a wuyan hukuma yake.

Nan ne raunin abin yake. A 2019 aka yi na ƙarshe. Korona ta hana na 2020 da 2021, sai a 2022 hukumar ta ce ba za a sake ba, tana kafa hujja da shirinta na rage hayaƙin da ke gurɓata yanayi. Shawarar majalisa ɗaya ta kawo ƙarshen al'adar shekara talatin.

Mu ma da ke cin kasuwa a garin da muke baƙi, sai mu lura: cinikin da ya rataya kan taron da wani ke ɗaukar nauyinsa, aro ne. A ci moriyarsa, amma kada a ɗora jarin gida kacokan a kansa. Allah Ya sa mu dace.