Malamin da ya fitar da yaro bakin teku

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar Bangi cikin hunturu ya san yadda rana ke ɓullowa a hazo, jajawur kamar garwashi, mutane da itatuwa sun koma inuwa-inuwa. Irin wannan safiya ce Claude Monet ya zana a 1872, a tashar jiragen ruwa ta Le Havre a Faransa. Ya sa wa zanen suna Impression, soleil levant, wato abin da ido ya kama nan take lokacin fitowar rana.

Labarin ya faro ne daga wani malami. An haifi Monet a 1840, ya tashi a Le Havre yana zanen barkwanci na mutanen gari yana sayarwa. Eugène Boudin, ɗan matuƙin jirgin ruwa daga Honfleur, ya ga hannun yaron, ya lallashe shi su fita bakin teku su zana sararin sama da ruwa yadda suke a gabansu. A wancan zamani an saba kammala zane a cikin ɗaki, bisa ƙa'idar makarantar zane ta Paris. Abin da ya sauƙaƙa fita waje shi ne fenti cikin ƴar kwalbar ƙarfe da ake matsawa, wanda wani Ba'amurke, John Rand, ya ƙirƙiro a 1841.

A 1874 Monet da abokansa, har da Boudin, suka baje zanensu a Paris. Wani ɗan jarida, Louis Leroy, ya yi musu ba'a da sunan zanen nan, yana nufin aikin bai ƙarasa ba. Sunan ba'ar ya bi su, har ya zama sunan salon da duniya ta sani da Impressionnisme. Zanen yana gidan tarihi na Marmottan a Paris.

A lakwal ɗinmu, darasin zane yakan ƙare a kwafar abin da malam ya zana a allo, in ma an yi shi. Yaron Bangi bai taɓa ganin teku ba, amma yana da tabkin Keita, da tsaunukan Bouza, da gonakin albasa na kwarin Tarka. Malam, ka fita da ajinka da hantsi, su zana wuri ɗaya, su koma da la'asar su sake zana shi, sannan ka tambaye su abin da ya canza. Iyaye kuma, kafin ku ce yaro yana ɓarnar takarda, ku duba abin da ya zana tukuna.