Tsakar Gida da Dandali: Tarihin Renon Yara da Sauyin Harshe a Garin Potiskum

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin garuruwan Arewacin Nijeriya sun fi mayar da hankali a kan sarauta da yaƙe-yaƙe da fatauci. Ba kasafai akan leƙa tsakar gida ba, inda uwa take daka da goyo a bayanta, kaka kuma tana lallashin wanda aka yaye. Alhali kuwa a nan ne ake yanke wa harshe hukunci, domin duk harshen da aka daina yi wa yaro magana da shi ya kama hanyar ɓacewa, ko da dattawa suna nan suna taɗi da shi a zaure. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin rayuwar iyali mai ƙananan yara a garin Potiskum na Jihar Yobe, tun daga 1924, domin a ga hanyoyin da Hausa ta bi har ta zama harshen da yara da yawa a garin suke buɗe baki da shi, alhali ba shi ne harshen kakanninsu ba.

2.0 Garin da Mazaunansa

Ƙasar Potiskum tun asali mazaunin Ngizimawa ne da Karekare, tarihin baka kuma yana danganta kafuwar sarautar Pataskum da Mai Bauya a farkon ƙarni na 19. Da Turawan Ingila suka zo, sai suka sanya yankin a ƙarƙashin masarautar Fika ta Bolawa, sa'an nan a 1924 aka ɗauko fadar Moi Fika daga garin Fika aka kawo ta Potiskum, wadda take bisa babbar hanyar Maiduguri. Wannan ƙaura ita ce ta mayar da garin cibiyar mulki da ciniki. Ma'aikatan En'e da malamai da fatake da mahauta da masu kiwo suka yi ta tuttuɗowa da iyalansu. An ƙirƙiri Jihar Yobe daga Borno a 1991, ƙidayar 2006 kuma ta ba ƙaramar hukumar Potiskum mutum 205,876.

Ngizimanci da Karekaranci da Bolanci da harshen Ngamo duk 'yan reshen yamma ne na dangin harsunan Cadi, wato 'yan'uwan Hausa ne. Uku na ƙarshe sun fi kusa da ita, shi kuwa Ngizimanci ɗan ɗaki ɗaya ne da Badanci. A nan ya kamata a lura da cewa Hausa ba ita ce baƙon harshe na farko da ya yi tasiri a yankin ba. Barbarci ya riga ta da ɗaruruwan shekaru, ya kuma bar ɗimbin kalmomin aro a cikin waɗannan harsuna, musamman Ngizimanci, a fannin sarauta da addini da shari'a. Laƙabai irin su Mai da Maina, da sunaye irin su Bukar da Modu da Falmata, shaida ne. Amma duk da daɗewarsa, Barbarci bai kori harshen gida ba, domin ta fada da zauren malamai ya shigo, kuma a bakin manya ya fi zama. Ita kuwa Hausa ta wata ƙofa dabam ta shigo.

3.0 Daga Haihuwa Zuwa Yaye

A gidajen Musulmi na cikin gari, shekaru biyu na farkon rayuwar yaro suna da tsari sananne. Da zarar an haihu, mai jego takan shiga wankan ruwan zafi, ana dama mata kunun kanwa, tsofaffin mata na dangi suna kula da ita har a yi arba'in. Ran kwana bakwai akan raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Daga nan jariri yakan zauna a bayan uwa ko na yayarsa, har ya fara zama, ya yi rarrafe, ya kama bango ya miƙe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai abin labari ne a gida. Ranar da yaro ya saki hannu ya yi taku biyu ko uku, ana ce masa "tata, tata", rana ce da mata sukan riƙa lissafin kwanan wata da ita, kamar yadda sukan yi da fitowar haƙorin farko.

Abin da ya shafi harshe a nan shi ne, a tsohon tsari ba uwa kaɗai ke da yaro ba. Kunyar ɗan fari takan hana uwa sakewa da shi ko kiran sunansa, saboda haka kaka ce abokiyar hirarsa. Idan lokacin yaye ya yi, wato wajen shekara biyu, gidan kaka akan kai shi, sau da yawa a ƙauye, wani lokaci ma ya zarce a can a matsayin ɗan riƙo. Ke nan a daidai shekarun da harshen yaro yake kamawa, yana hannun mutanen da suka fi kowa riƙo da harshen asali. Da shi ake yi masa tawai, da shi ake tsorata shi idan ya ƙi barci, da shi kaka take yi masa wasan jika. Muddin wannan zare bai tsinke ba, harshe yana da magada.

Zaman birni ya raunana wannan tsari ta hanyoyi uku. Na farko, gidan gandu mai tattare da kakanni da baffanni ya fara ba da wuri ga gidan haya, inda iyalai daga ƙabilu dabam-dabam suke tarayya a rijiya ɗaya da madafi ɗaya. Na biyu, auratayya ta yawaita. Alal misali, magidanci Bangizime yana iya auren Bakarekariya, ya ƙara da Bafillatana. Kishiyoyin nan ba su da harshen da zai haɗa su sai Hausa, 'ya'yansu kuwa a tabarma ɗaya suke cin tuwo. Na uku, sana'ar tuƙin manyan motoci da fataucin dabbobi, waɗanda garin ya yi suna da su, sukan raba uba da gidansa kwana da kwanaki, ya dawo da tsaraba da kuma Hausar tasha.

4.0 Dandali da Makaranta

Bayan yaye, yaro yakan fita ƙofar gida, kuma daga nan ikon iyaye a kan bakinsa yake raguwa. Dandali shi ne makarantar farko da ba ta da malami. A daren farin wata 'yan mata sukan yi gaɗa, maza su yi langa da kokawa, da azumi kuma a fita tashe gida gida. A ƙauyen da kowa yake jin harshe ɗaya, da harshen ƙauyen ake wasa. A unguwar da ta tara 'ya'yan Bolawa da na Karekare da na Barebari da na Hausawa kuwa, wasan da kowa zai iya shiga shi ne yake rinjaye, kuma yaro ba ya son harshen da zai sa tsararrakinsa su yi masa dariya. Haka ita ma tatsuniya: Gizo da Ƙoƙi suka samu wurin zama a ɗakunan da a da ake ba da labaran dabbobi da Ngizimanci ko Bolanci.

Makarantar allo ta ƙarfafa wannan, domin da Hausa ake kiran sunayen baƙaƙe a wurin babbaƙu da farfaru, da ita kuma akasarin malamai suke fassara littattafan farko na ibada. Sa'an nan boko ta biyo baya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwashi yara masu yawa zuwa aji, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 kuma ta tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yaɗuwa a inda yake zaune. Da yake littattafai da horarrun malamai na Hausa ne ake da su, a aikace Hausa ce ta ci gajiyar wannan tanadi. Daɗin daɗawa, rediyo ya daɗe da shiga tsakar gida, kamar Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, daga 1990 kuma finafinan Hausa na bidiyo suka fara karɓe lokacin da a da na tatsuniya ne.

Sakamakon haka shi ne wani yanayi da duk mai shiga gidajen garin yakan ci karo da shi: kaka ta yi tambaya da harshenta, jika ya amsa da Hausa. Yana ji, amma ba ya mayarwa. Idan wannan jika ya girma ya haihu, ba shi da abin da zai miƙa wa nasa ɗan sai 'yan kalmomin gaisuwa da sunayen abinci da na dangantaka.

5.0 Shekarun Tashin Hankali

Ba za a kammala tarihin iyali a Potiskum ba tare da ambaton rikicin Boko Haram ba. A watan Mayu na 2012 'yan bindiga suka kai hari a kasuwar shanu, suka kashe mutane da dama. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. Ranar 6 ga Yuli, 2013 aka kashe mutum 42, akasarinsu ɗalibai, a makarantar sakandare ta Mamudo kusa da garin, ranar 10 ga Nuwamba, 2014 kuma bam ya tashi a wurin taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta Potiskum, inda aƙalla mutum 46 suka rasu. An rufe makarantu, dokar hana fita ta kashe dandali, iyaye mata suka koma zaman zullumi daga fitar yaro har dawowarsa. Wasu iyalai sun tura 'ya'yansu Bauchi ko Kano, wasu kuma daga ƙauyuka suka gudo cikin gari. Kowace irin ƙaura daga cikin biyun nan ta ƙara nisanta yara da wuraren da harsunan asali suke da ƙarfi.

6.0 Kammalawa

Masana ba su yi sake da waɗannan harsuna ba. Russell Schuh ya zauna a Potiskum a 1969 zuwa 1970, ya kuma wallafa ƙamus na Ngizimanci a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe, wanda ya fitar da ƙamusoshin Bolanci da Karekaranci da Ngamo da Ngizimanci da Badanci a garin Potiskum a 2004. Wannan babban aiki ne, sai dai ƙamus adana kalma yake yi, ba ya goyon yaro.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, Barbarci ya shigo ta bakin manya ya bar kalmomi, Hausa kuwa ta shigo ta bakin yara ta zauna a gida. Wannan ba laifin Hausa ba ne, domin ita ce ta ba 'ya'yan ƙabilu da yawa damar yin wasa da karatu da auratayya a gari ɗaya, kuma yaro yana iya tashi da harshe biyu ko uku ba tare da ɗaya ya cuci ɗaya ba, kamar yadda kakannin yaran nan suka tashi. Aikin da ke gaban manazarta shi ne su shiga tsakar gida su naɗi waƙoƙin reno da tatsuniyoyi da kacici-kacici da maganar jarirai daga bakin tsofaffin mata, tun suna raye, a kuma mayar wa iyaye da makarantu da su cikin sigar da za a iya amfani da ita. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka nan harshe, tun yaro yana goye ake ɗora masa shi.